Godiyar da Ta Kife Jirgi

Kwanakin baya ƙuguna ya fara yi mini irin gaisuwar da yake yi wa mazan gidanmu idan furfura ta soma leƙowa. Wata jijiya ce ke tashi daga kwankwaso, ta bi bayan cinya, ta je diddige ta yi sallama, ta dawo ta sake sabon zuwa. Maƙwabcina, yaro mai kirki, ya ga ina tafiya kamar agwagwar da ta taka ƙusa, ya shiga gida ya fito mini da wani man shafawa a kwalba. Na karɓa, na buɗe baki, bakin ya ƙi. Sai na ce masa Allah ya sa a dace, na juya. Ban kai ƙofa ba na jiyo shi ta kan katanga yana faɗa wa matarsa cewa mutumin nan ko godiya babu. Bai san raga masa na yi ba.

A Haɗejan da na tashi ba a yi wa magani godiya. Manya sun ce godiya tana kashe magani kamar yadda ruwa ke kashe garwashi. Wanda ya ba ka jiƙo ko gari ko man shafawa, ka yi masa addu'a, ko ka yi shiru, ko ma ka ɓata rai ka ce ya yi kaɗan, duk ya fi masa daɗi. Idan yaro ya yi suɓutar baki ya ce ya gode, sai a buge bakin, a zubar da jiƙon, a nemo sabon sassaƙe. Yanzu kuwa mai magani yana kan mota da lasifika, kwalba guda tana korar basir da shawara da sanyi da rashin aure, ya ce ya gode, ka ce ka gode, mai riƙe masa jaka ma ya gode. Sannan a dawo ana mamakin yadda ba wanda ke warkewa.

A wancan zamani kogi bai shaƙe da ciyawar kacala ba, ruwa kuma yana zuwa da kansa ba sai an sako shi daga madatsar ruwa ba. Idan damina ta yi nisa sai ya malale fadama har inda ido ya gaji, shinkafa ta tsaya a ciki iya wuya. Da hantsi za ka ji kukan jigo a lambuna, da bugun gorar masunta, da tsuntsayen kirinjijiya suna wucewa garke garke suna feɗuwa, ga hayaƙin banda ya rufe unguwarmu har rigar Juma'arka ma ƙanshin tarwaɗa take. Kifi kuwa, in ka sunkuya alwala a bakin ruwa sai ka tsince karfasa daga gemunka kafin ka tayar da salla. Na taɓa ganin giwan ruwan da sai da aka rushe kusurwar katanga aka shigo da shi lungunmu. Yaran yanzu in na faɗi haka dariya suke yi, ni kuma ba na jin haushi, don wanda ya tashi a kan kifin ƙanƙara na cikin kwali ba shi da laifi.

Baba masunci ne, abokan sana'a suna ce masa Mai Koma, saboda komar da yake kama kifi da ita. Yana da amini guda, wanda muke kira Baffa Dogo, mutum siriri mai tsawo kamar an ja shi yana ɗanye. Jirgi ɗaya gare su. Tun suna samari suka haɗa kai aka sassaƙa musu shi daga gungumen maɗaci, kuma ban taɓa jin sun zauna rabon kifi ba: kowa ya ɗebi abin da tukunyar gidansa za ta ɗauka, saura a kai banda. Gaisuwarsu zagi ce. Baffa Dogo ya ce wa Baba gajere mai nauyin jaki, Baba ya ce masa da an rasa sandar tuƙi sai a tuƙa da shi. Ni a lokacin na zama saurayi, har na fara tsayawa gaban madubin wanzami ina neman gemu, kuma abincin gidanmu duka, da ɗan abin da nake tarawa na kaina, daga cikin wannan jirgi yake fitowa.

Shekarar da abin ya faru, ruwa ya fara ja da baya ke nan, lokacin da kifi ke taruwa a tafkuna. Baba ya diro daga jirgi zai ja taru, ya tsaya cak, ya yi wata ƙara da ta tayar da belbelu har garin Kafin Hausa. Tun daga ranar ƙafarsa ta hagu ta zama ba tasa ba. Ya ce kamar an zura masa waya mai zafi daga ƙugu zuwa diddige, tafin ƙafar kuma tururuwa ne ke cin kasuwa a ciki. Ba kumburi, ba rauni, ba abin da za ka nuna wa mutum, wannan kuwa shi ya fi ƙona masa rai. Aka shiga magani. Wanzami ya yi masa ƙaho har bayansa ya koma kamar tandar waina. Inna, mahaifiyata, ta jiƙa saiwar sanya da sassaƙen hano, ta dama kunun jar kanwa da kimba da masoro, ta ɗumama ganyen tumfafiya tana gasa masa cinya safe da yamma. An ba shi gishirin manda ya lasa, an wanke masa rubutu ya sha, an kai shi asibiti an yi masa allurai, ya dawo yana cewa ciwon ya ɗan koma gefe ya ba allurar hanya, sannan ya dawo mazauninsa. Gidanmu ya yi warin da ko sauro daga ƙofa yake juyawa.

To a wajen Baba ciwon da ya ƙi jin magani ba ciwo ba ne, aike ne. Ruwa ba ya tsami banza, in ji shi. Yana kwance a zaure kan tabarma, ba aikin fari ba na baƙi, sai ya mayar da ƙwaƙwalwarsa kotu. Da farko ya zargi wanzamin, ya ce me ya sa ya yi murmushi yana goge ƙaho. Ya zargi wata tsohuwa mai daddawa da ta ce masa sannu har sau biyu a rana ɗaya. Ya zargi wata kaza da ke yawan leƙo zaure, aka yanka ta, ya ƙi cin naman, muka cinye muna yi masa jaje. Wanda ya zo dubiya, ya zo ganin ko aikinsa ya ci. Wanda bai zo ba, kunyar abin da ya aikata ce ta hana shi. Ana cikin haka wani mai duba ɗan yawo ya sauka a unguwa, ya zana ƙasa a faifai, ya girgiza kai, ya ce wanda ya yi wannan aiki na kusa ne, suna sa hannu a ƙwarya ɗaya. Na ce wa Baba ai rabin unguwar nan sun ci tuwo a ƙwaryarsa, har da mai duban. Ya dube ni irin kallon da ya nuna ni ma an rubuta sunana.

Daga nan zancen ya fara karkata wuri ɗaya. Wa ya ce masa ya sauka ta wannan gefen ranar da ƙafar ta kama? Dogo. Wa ya yi ta damunsa a sayar da jirgi a sayi injin ban ruwa, tunda a waɗancan shekarun duk fadama ta haukace da noman alkama, shi kuma ya ce sai bayan ransa? Dogo. Ni ne na maye gurbin Baba a jirgi, don haka duk la'asar in na dawo sai an yi mini tambayar kabari. Me Dogo ya ce, da wa ya tsaya, ya tofa yawu a ruwa ko a tudu, ya ambaci inji. In na ce bai ce komai ba, Baba ya ce shirun nan shi ne abin tsoro. In na ce ya tambayi jikinsa, ya ce ai dole ya tambaya. Sai kuma aka wayi gari Baffa Dogo ba ya gari, iyalinsa sun ce ya yi gabas, bai faɗi inda za shi ba. Baba ya ɗaga kai ya dubi rufin zaure ya ce an tafi ƙaro wuta.

Ranar wata Juma'a Baffa Dogo ya dawo, bayan an sauko daga masallaci, zaure cike da 'yan dubiya. Ya shigo ya rame, ƙafafunsa duk faso, yana rungume da 'yar tukunya an ɗaure bakinta da fata. Ya durƙusa ya ajiye ta gaban Baba, ya ce ga abin da ya samo wa gajere. Ya ce sai da ya kai wajen Mangawa masu kanwa ya samo kanwar ungurnu ta ainihi, ba irin ta kasuwa da ake gauraya wa ƙasa ba, ya bi wani maharbi daji har ya samu kitsen mesa, ya haɗa da farar wuta da citta, shi da kansa ya daka ya kwaɓa. A riƙa shafawa daga ƙugu zuwa diddige, a zauna a hantsi. Mutane suka yi ta cewa Allah ya sa a dace, Allah ya bar zumunci.

Ni da nake kallon fuskar Baba na san akwai magana. Ya shiga tsaka mai wuya. In ya ƙi karɓa a gaban jama'a, ya kira amininsa mai sammu ke nan ƙiri ƙiri. In ya karɓa ya ajiye a gida da ƙarfinsa, a ganinsa ya kwana da maciji a ɗaki. Sai na ga idonsa ya yi haske irin na wanda ya samu dabara. Ya gyara kishingiɗa, ya ɗora hannu kan tukunyar, ya ɗaga murya yadda na bayan zaure ma zai ji.

"Na gode, Dogo. Na gode ƙwarai da wannan magani."

Wani dattijo ya yi tarin da ba na mura ba. Baffa Dogo yana durƙushe bai motsa ba, ya tambaya a hankali, "Ni ka gode wa, Mai Koma?"

"Kai."

"A kan maganin?"

"A kan maganin."

"To madalla," in ji Baffa Dogo. Ya miƙe, ya sunkuya kamar yadda tsawonsa ke sa shi yi a ƙofar zaurenmu, ya sa takalmansa ya tafi. Baba ya zaci ya yi wayo, ya kashe abin da ke cikin tukunya ba tare da ya zagi kowa ba. Ya manta cewa duk wanda ke zauren a kan wannan al'ada ya girma. Yaro na suɓutar baki, amma dattijo mai furfura ba ya gode wa magani sai da gangan, kuma ba ya kashe magani sai wanda yake tsoro. Kafin magariba har matan da ke daka a ƙarshen unguwa sun san abin da Mai Koma ya kira Dogo.

Washegari na je bakin kogi na tarar an janye jirgi kan rairayi an kife shi, a fili, inda ba inuwa. Na samu Baffa Dogo a gida na ba shi haƙuri, na ce ciwo ne ke magana ba Baba ba. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce jirgin na mutum biyu ne, shi kuma bai san wane rabin ne nasa ba, yana tsoron ya taka rabin ubana ƙafar dama ma ta kama a ce shi ne. Na koma wajen Baba na ce ya ba ni izini in tura jirgin da wani, ya ce ban isa ba, wa ya san abin da aka binne a ƙarƙashinsa. Haka jirgi ya zauna a rana, ga lokacin kifi yana wucewa a kan idonmu. Jirgin katako kuwa ruwa ne ransa. Na riƙa zuwa ina yayyafa masa da ƙwarya kamar mai rainon lambu, duk da haka tsaga ta fito a gindinsa siririya kamar zare, ta zama kamar tsinke, ta kama hanyar zama yatsa. Na koma su da gora da koma, ina kifa ciki a kan gora ina iyo tare da yara, in dawo da abin da ko mage sai ta duba sau biyu kafin ta gane kifi ne. Miyar gidanmu ta zama kuka zalla. Masunta suna wucewa da kwanduna ta ƙofar zaure, Baba ya kawar da kai ya ce su ma da saninsu.

Inna ce ta gaji. Wata safiya ta fito da tukunyar daga bayan rumbu inda Baba ya sa aka ajiye ta, ta kwance fatar. Baba ya ce me za ta yi. Ta ce ai shi da bakinsa ya kashe maganin a gaban shaidu, abin da ya rage mai ne kawai, ƙafarsa kuma ta bushe kamar bayan kada, man kaɗanya ya ƙare, ba za ta bar mai yana zaman banza ba. Ya nemi inda zai kama maganarta ya rasa, don in ya ce akwai sauran ƙarfi a ciki, ya ƙaryata dabararsa ke nan. Ya miƙa ƙafa yana karanto duk addu'ar da ya sani. Ta riƙa mulke shi kullum da hantsi, wari kuwa har awakin maƙwabta suka sauya hanya.

Ko maganin ne, ko hannun Inna, ko zafin rana, ko ciwon ne ya gaji don kansa, Allah ne masani, ni ban ce ba. Abin da na gani shi ne tururuwan tafin ƙafar suka fara tashi daga kasuwa. Baba ya fara zama, ya fara dogara sanda zuwa masallaci. Na ɗauka shi ke nan zai sauko. Ina. Ya kira ni gefe ya ce in yi tunani: maganin da aka yi wa godiya a bainar jama'a amma bai mutu ba, wane irin hannu ne ya haɗa shi? Sannan wa ya fi sanin makarin abu in ba wanda ya ƙulla shi ba? Na ce Baba, da bai yi aiki ba fa? Ya ce da ya tabbata ke nan. Ranar na gane cewa zargi in ya zauna a zuciya, ko ta ina ka ɓullo masa ƙofar gidansa ce.

Tukunya ta ƙare, jijiya ta dawo da kayanta. Baba ya aike ni kasuwar garin Malam Madori na haɗo kanwa da farar wuta da wani kitse da mai sayarwa ya rantse na mesa ne, ni kuwa har yau ina zaton na tunkiya ne. Aka kwaɓa aka shafa, ƙudaje kaɗai suka amfana. Ya yi kwanaki yana juyi yana cije leɓe, ba ya zargin kowa, ba ya ma magana, wannan shirun ya fi tayar mana da hankali. Rannan da hantsi ya ce in fito da keke.

Na goya shi har bakin kogi. Baffa Dogo yana zaune gindin wata giyayya yana ɗinkin taru, jirgi na kife can a rana, tsagar ta buɗe baki har ana hango rairayi ta ciki. Baba ya sauko da ƙyar, ya daɗe yana kallon tsagar. Ba wanda ya yi wa wani sallama. Can Baba ya ce, yana duban ruwa, tukunyar nan ta ƙare. Baffa Dogo ya sa hannu cikin buhun da ke gefensa ya fito da wata 'yar tukunya irin waccan. Ashe rabin kwaɓin ya ajiye, kullum yana fitowa da ita bakin kogi. Ya kwance fatar, ya lakuto da yatsa, ya nufi bakinsa da shi. A wajenmu baƙon mai magani ne ke lasa a gabanka kafin ya miƙa maka, don ka san ba guba. Ɗan'uwa ba ya yi, amini ba ya yi.

Baba ya yar da sanda ya cafke masa wuyan hannu.

"Sake ni, Mai Koma. Baƙo ba ya ba da magani bai ɗanɗana ba."

"Ba za ka lasa ba."

"Ai don hankalinka ya kwanta ne."

Baba ya fizge tukunyar da ɗaya hannun, ya dumbuzo cikin tafi, ya danna a baki, ya rufe ido ya haɗiye. Na ga kwaɓin yana sauka a maƙogwaronsa kamar ɓera a cikin maciji. Hawaye suka zubo masa, na citta ne ko na wani abu, ban tambaya ba.

"Ka san na shafawa ne," in ji Baffa Dogo.

"Na sani."

"Gajeren banza. Tafiyar da na yi saboda kitsen nan, ka mayar da shi tuwo."

Abin da ungurnu da kitsen mesa suka yi wa cikin Baba ba na rubutawa ba ne. Ya isa in ce mutumin da ya yi watanni ba ya iya taka ƙafa, a 'yan kwanakin nan ba a ga wanda ya kai shi gudu ba a unguwarmu. Yana kwance a galabaice Baffa Dogo ya shigo zaure ba sallama, ya zauna a bakin tabarma, suka shiga gardama kan wa zai nemo ƙaro da auduga na toshe jirgi. Mun toshe shi, mun mayar da shi ruwa, amma kifin shekarar ya riga ya wuce, kuma tun daga nan jirgin yana shan ruwa ta wannan tsaga, dole a shiga da ƙwaryar kwalfewa. Ƙafar Baba ma ba ta koma daidai ba, tana sauƙi tana tashi har ƙarshen ransa.

Sun ci gaba da zaginsu, sun ci gaba da sa hannu a ƙwarya ɗaya. Sai dai daga wannan shekara, duk abin da Baffa Dogo zai miƙa wa Baba, ko goro ne, sai ya ɓantari gefe ya tauna a gabansa tukuna. Yana yi yana murmushi, jama'a suna dariya, Baba ma yana taya su. Na zauna kusa da su shekaru ina kallon wannan murmushi ina neman in gane ko wasa ne, ban gane ba. Baba dai in ya karɓi goron sai ya daɗe yana juya shi a hannu, yana duban inda aka ɓantara, kafin ya kai baki.